Tayin da aka yi wa azurfar mahaifiyarmu ya raba ni da ƙanena

Assalamu alaikum Anti. Mahaifiyarmu ta rasu wata bakwai ke nan. Da muka buɗe adakarta, a ƙasan wata tsohuwar kwalla muka tarar da azurfarta ƙulle a tsumma: mundaye huɗu masu kauri, warwaro, sarƙa biyu masu duwatsu, zobba, manyan tsaba shida masu hoton wata mata da shekarar 1780, sai suloli da fataka na zamanin Turawa. Mu uku ta bari, ni da ƙanena da autarmu. Na auna kayan a sikelin da nake auna fulawa, giram 820. Ɗana ya duba farashin azurfa na duniya a waya ya yi mana lissafi. Ƙanena ya kai kayan wurin wani mai sayen gwal da azurfa, abokinsa ne, sai ya taya abin da ko rabin lissafinmu bai kai ba, kashi 45 cikin ɗari. Raina ya ɓaci, na ce wa ƙanena haɗa baki suka yi. Yau mako uku ba ya ɗaga wayata. Ga bikin 'yata saura wata biyu, da rabona nake so in cika kayan ɗaki. Anti, cuta ce ko haka kasuwar take? In sayar ko in haƙura?

'Yar'uwarki daga Gusau

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan mahaifiyarku, ya haskaka kabarinta, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma mako ukun nan da ƙanenki bai ɗaga wayarki ba ya fi kuɗin tsaya mini a rai. Zan zo kansa. Amma bari mu warware lissafin tukuna, tunda shi ya haifi faɗan.

Kada ki sallama a kashi 45, tayin ya yi ƙasa. Sai dai lissafin ɗanki ma ya yi sama, sama ƙwarai, kuma babu mai sayen azurfa a Gusau ko Kano ko Dubai da zai ba ki wannan kuɗin.

Lambar nan da ke fitowa a waya farashin tatacciyar azurfa ce, wadda a cikin kashi 1,000 kashi 999 zallarta ne. An zuba ta tubali-tubali, kowanne wajen kilo 30, tana jibge a rumbunan Landan, manyan bankuna da kamfanoni suna cinikinta da dalar Amurka. Kuma a kan oza ake faɗin farashin. To nan ma akwai rami. Ozar da ake auna gwal da azurfa giram 31.1 ce, ozar kanti kuwa, ta awon madara da sukari, giram 28.35. Ki tambayi ɗanki da wacce ya raba. In da ta kanti ce, ya ƙara wa kowane giram kusan kashi 10 cikin ɗari da babu shi tun ba a je ko'ina ba. Ki kuma tambaye shi a nawa ya canza dalar zuwa naira.

Babbar maganar ita ce giram 820 ɗin nan ba azurfa ce duka ba. Zallar azurfa laushi gare ta, in aka ƙera munduwa da ita kaɗai lanƙwashewa za ta yi a hannu, dole sai an haɗa ta da jan ƙarfe. Ina yarinya a cikin birnin Kano akwai wani maƙerin fari a lungunmu, in aka aike ni sai in maƙale a bakin zaurensa ina kallo. Mata kan aiko masa da tsofaffin fataka ƙulle a gefen mayafi, a yi musu warwaro. Sai ya zuba su a wani ɗan kaskon yumɓu da bai fi kofin shayi ba, ya tura cikin gawayi, yaronsa yana ta zuga. Can sai ki ga kuɗin sun sulale, hoton sarkin Ingila ya ɓace, sun koma ɗan dunƙule mai sheƙi yana rawa a gindin kasko. A daidai nan yake gutsuro jan ƙarfe ya jefa. Da ido yake yi, babu awo, kuma masu kayan sun sani, don ba a ɓoye yake yi ba. Abin da ya sa na ba ki wannan labari, mundaye biyu daga hannun maƙeri ɗaya ma suna iya bambanta, kuma ba wanda ya buga musu hatimi. Kayan kanti ne ke zuwa da lamba a jiki, 925 ko 900 ko 800, wato yawan azurfar da ke cikin kashi 1,000. Na iyayenmu sai an gwada.

Tsabar kuɗin sun fi sauƙi, don lissafinsu sananne ne. Manyan nan shida masu hoton mata su ne tsofaffi ke kira liyari, dalar Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya da ta rasu a 1780. Kowacce giram 28 ce da ɗan ɗigo, kuma kashi 833 cikin 1,000 ne azurfa, wato wajen giram 23.4. Shida ke nan giram 168 a sikeli, giram 140 na zalla. Kada shekarar ta ruɗe ki. Bayan rasuwar matar an ci gaba da buga kuɗin da 1780 ɗin a jiki, a Biyana da Landan da Faris da Rum da Bombay, har aka buga ɗaruruwan miliyoyi, kuma har yanzu ana bugawa a Ostiriya. Fatake ne suka riƙa ƙetaro Sahara da su zuwa ƙasar Hausa da Barno. Suna da masoya, sun kuma cancanci ɗan ƙari a kan kuɗin narkawa, wato kuɗin azurfar da ke cikinsu kawai, amma ba wata dukiyar ɓoye ba ce.

Suloli da fataka kuwa shekara ce ke raba su. Masu bishiyar kwakwa a baya, na Afirka ta Yamma, daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, 925. A 1920 aka rage ta zuwa rabi, daga nan aka koma buga su da tagulla, shi ya sa na baya suke ja-ja. Na Ingila kansu 925 ne har 1919, rabi da rabi daga 1920 zuwa 1946, daga 1947 babu azurfa ko ƙwaya a ciki duk da farinsu. Sulen Najeriya na 1959 ma haka, fari ne amma jan ƙarfe ne da nikel. Ki zauna da ɗanki ku karanta shekarun ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu mu ƙaddara. Mundayen giram 400, uku bisa huɗunsu azurfa, 300 ke nan. Liyari 140. Sauran wajen giram 250, in aka fitar da duwatsu da zare da ƙugiyoyin ƙarfe da abin liƙi da tsabar da ba azurfa ba, mu ce 150 ta rage. Jimla 590. Kin ga daga 820 mun sauko zuwa kashi 72 cikin ɗari, kuma har yanzu ba wanda ya ci miki ko kwabo. In ƙaddarawar nan ta yi kusa da gaskiya, abokin ƙanenki ya taya 45 ne a kan abin da ya kai 72. Wato ya bar wa kansa fiye da ɗaya bisa uku. Wannan ya yi yawa a ganina. Amma akwai tazara tsakanin "ya bar wa kansa da yawa a tayin farko" da "ya sace fiye da rabi", kuma a cikin wannan tazara zumuncinku ya faɗa.

To me ya sa ba zai biya 72 ɗin cif ba? Saboda shi ma ba a biyansa haka. Mai ɗan shago a kasuwa ba shi ke tace azurfa ba. Tarawa yake, in ta yi kauri ya kai wa wanda ya fi shi a Kano ko Legas, ko ya sayar wa maƙera, kowane hannu kuma sai ya gutsiri nasa. In aka narka, nauyi raguwa yake, datti ya ƙone, wani abu ya maƙale a kasko. Ga kuɗin shago, ga yara, ga mota, ga jarinsa da zai kwanta makonni. Ga kuma farashin da ba ya zama wuri ɗaya. A Janairun 1980 oza ta kusa dala 50, kafin ƙarshen Maris na shekarar ta dawo wajen 11. A Afrilun 2011 ta sake kusan taɓa 50, cikin makon farko na Mayu ta zubar da fiye da ɗaya bisa huɗu na darajarta. A Maris 2020 har wajen dala 12 ta sauka. Wanda ya sayi kaya da tsada ranar Litinin yana iya wayar gari Juma'a uwar kuɗi ta karye, ban da rawar da naira ke yi. Sannan kowane mai wannan sana'a yana kwana da fargaba biyu: a kawo masa jabu ya biya, ko a kawo masa kayan sata 'yan sanda su zo su tafi da kaya da shi kansa.

Akwai kuma abin da mata da yawa ba su lura da shi ba, don mun fi sabawa da sayar da gwal. In kika kai sarƙar gwal, tazarar da ke tsakanin farashin waya da abin da za a ba ki ba ta da faɗi sosai, sai ki zaci azurfa ma haka take. Ai giram ɗaya na gwal yakan sayi gomman giram na azurfa, a Maris 2020 ma ya wuce 120. Wahalar gwada zobe ɗaya ce, ko na gwal ne ko na azurfa, lokaci ɗaya, ruwan gwaji ɗaya. A gwal, ɗan ƙaramin kaso ya ishe shi cefane. A azurfa sai ya yanki babba kafin wahalarsa ta fita. Shi ya sa wasu 'yan gwal ke karɓar azurfa da yatsu biyu, su yi tayin da in an sallama to, in ba a sallama ba ba su yi asara ba.

Duk wannan halas ne, kuma ba na jin haushin ɗan kasuwa don ya nemi riba. Inda nake so ki buɗe ido shi ne wuraren da ribar ke kumbura ba tare da an faɗa miki ba.

Na sha tsayawa ina kallon yadda ake gwajin. Zai ɗauki munduwa ya jujjuya ta a tafin hannu, ya sake ta a kan teburi ya saurari ƙararta, ya kanga mata maganaɗisu. Sai ya goga ta a wani baƙin dutse har ta bar zane, ko ya ɗan ƙarce ta da zarto a wurin da ba a gani, ya ɗiga ruwan gwaji daga 'yar kwalba. In wurin ya yi fari-fari kamar madara, azurfar mai kyau ce. In ya yi kore yana tafasa, jan ƙarfe ya yi rinjaye. Daga nan sai ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, wannan ba ta wuce kashi sittin cikin ɗari ba." To ruwan nan ba ya faɗin lamba. Yana raba mai kyau da marar kyau ne, amma tsakanin 70 da 80 ƙiyasi ne na mai gwaji, kuma mai saye duk inda ya yi kokwanto ƙasa yake zagayowa. Wani don tsoron asara yake yi, wani da gangan. Ko wanne ne, in ya kira 60 alhali kayan 75 ne, a mundayenki kaɗai giram 60 na zalla sun tafi, fiye da azurfar liyari biyu.

Sai kuma haɗa kaya. A juye komai a sikeli ɗaya, a yi musu farashi ɗaya, kuma farashin mafi rauni a cikinsu ake sa wa duka. Liyarin da kowa ya san 833 ce ta tafi a kuɗin warwaron da ake shakka. Haka ma cire nauyin duwatsu da ido: "Mu cire talatin na dutse da datti." An cire talatin, dutsen kuma ya zauna a shago. In tsakiya ce ta banza ba komai, amma sarƙoƙin iyayenmu wani lokaci murjani ne na gaske a jiki, wanda shi kaɗai ciniki ne. Ko dai a ɓalle duwatsun a gabanki a miƙo miki, ko a yi musu kuɗi daban. Wannan ma tarbiyyar addini ce, don a hadisin Fadalata bin Ubaid da ke cikin Muslim, da aka sayi abin wuya mai gwal da duwatsu ranar Khaibar, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana sayar da irinsa sai an rarrabe.

Ribar da ta fi kowacce tsoka kuwa ita ce ta kayan da ba za a narka ba sam. Za a ce miki, "Ai wannan tsohon yayi ne, sai wuta." Ki karɓi kuɗin narkawa ki tafi. Bayan kwana biyu an wanke munduwar, an goge ta tana walƙiya a cikin gilashi, ana sayar da ita da kuɗin azurfa da kuɗin aiki a kai. In aikin hannu ne na da, mai zane, irin na maƙeran Kano ko na Agadas, akwai masu nemansa musamman, 'yan kayan tarihi irin na Kasuwar Kurmi da masu kai wa baƙi, kuma su ba nauyi kaɗai suke saye ba. Ko wadda aka narka ɗin ma ba nisa take yi ba sau da yawa. Maza ba sa sa gwal, zoben azurfa suke sawa, don haka maƙera kullum cikin neman ta suke. Munduwa ɗaya tana fitar da zobba da dama, kowanne da kuɗin aikinsa.

Na ƙarshe ba a sikeli yake ba, a fuskarki yake. Mai wannan sana'a ya ga mata ɗari kafin ke. Daga yadda kika kwance ƙullin ya san ko asibiti ne, ko kuɗin makaranta, ko biki. Wadda ta ce "saura wata biyu bikin 'yata" ta riga ta rage wa kanta farashi da bakinta.

Ga abin da nake so ki yi, kuma wata biyu sun isa, in dai ba ki bari sai ana gobe kamu ba, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Ki fara da rarrabe kayan a gida, kowane iri a ledarsa: liyari daban, tsaba bisa shekarunsu, masu hatimi daban, mundaye ɗaya-ɗaya, masu duwatsu daban. Ki duba cikin zobba da maƙallan sarƙa. In kin ga an rubuta EPNS, wannan ruwan azurfa aka yi wa wani ƙarfe, ba ya da kuɗin narkawa. Akwai kuma farin ƙarfen da ake kira azurfar Jamus, wanda jan ƙarfe ne da nikel da tutiya, suna kawai ya ara. Maganaɗisu zai taimaka miki rabin hanya: abin da ya kama ba azurfa ba ce, amma wanda bai kama ba ba lallai ne ita ce ba, don tagulla ma ba ta kamawa. Baƙin da kika gani a jikin kayan kada ya tsorata ki, haka azurfa take yi in ta daɗe tana shan iska, kuma kada ki bi su da toka ko soson ƙarfe, musamman tsabar da mundayen. Masu sayen tsohon kaya sun fi son su yadda suke.

Sikelin fulawa ba zai yi wannan aiki ba. Ki ari ƙaramin sikeli mai lamba, irin na masu gwal, ki auna kowace leda ki rubuta a takarda. Ga wata dabara: liyarinki ma'auni ce da kanta. Ki ɗora ɗaya a sikelin duk shagon da kika shiga. Ya kamata ta nuna wajen 28, ko ƙasa kaɗan in ta goge ko an huda ta. In a gida ta nuna 28 a shago ta nuna 26, ki tattara kayanki ki yi sallama. Ki kuma tabbatar fuskar sikelin tana kallonki, kuma daga sifili ya tashi.

Kafin ki nuna wa kowa kaya, ki tura ɗanki ya shiga shago biyu ko uku a matsayin mai saye, ya tambayi nawa suke sayar da giram na azurfa 925. Ki riƙe wannan lamba. Ranar da aka yi miki tayi, tazarar da ke tsakanin yadda yake sayarwa da yadda yake saye ita ce ribarsa a fili, kuma daga nan ake fara ciniki na masu hankali.

In kin je, kada ki ce "nawa za ka saya?" Wannan tambayar ita ke ba shi damar dunƙule komai a lamba ɗaya. Ki miƙa leda ɗaya ki ce, nawa ne nauyinta? Kashi nawa ka ga azurfar ciki? Nawa kake biyan giram na zalla yau? Ki rubuta amsa uku, ki miƙa ta gaba. Mai gaskiya ba ya jin nauyin waɗannan tambayoyi, sau da yawa ma girmama ki zai yi ya gyara zama. Wanda ya fara hura hanci yana cewa "Hajiya in za ki sayar ki sayar", ya ba ki amsar da kike nema. Ki yi haka a wuri uku aƙalla, kuma ɗaya daga ciki ya zama maƙeri ne mai ƙera zobba, don shi ne mai amfani da ita kai tsaye, babu hannu tsakaninku. Wasu manyan shagunan gwal suna da na'urar da ake haska wa ƙarfe ta faɗi abin da ke cikinsa da lamba. In kin samu, ki biya kuɗin gwajin mundayen ko da ba a nan za ki sayar ba, kuɗi ne da zai dawo. Mundayen da liyarin kuma ki nuna wa mai sayen tsohon kaya kafin ki yarda su shiga wuta, don abin da aka narka ba ya dawowa. Kada ki bar kaya a shago a kan "ki dawo gobe mun gwada". A gabanki za a yi komai.

In ciniki ya faɗa, hannu da hannu. Gwal da azurfa ba a sayar da su bashi, wannan hukunci ne sananne daga hadisin Ubadata bin Samit, kuma kariya ce gare ki. In ta banki zai turo, kada ki dogara da saƙon da ya shigo waya, ki buɗe asusunki ki ga kuɗin sun zauna kafin ki saki kaya. In kuma ya ce ki ba da tsohuwa ya ba ki sabuwa ki yi ciko, ki ƙi. Azurfa da azurfa sai nauyi ya zo daidai. Ki sayar da taki ki karɓi kuɗi, in kina son sabuwa ki saya daban. A irin wannan musaya ma ribar kan ɓuya sau biyu, a tsohuwar da kuma a sabuwar.

Yanzu ga abin da na ce zan dawo kansa. Ƙanwata, kayan nan ba naki ba ne ke kaɗai, ba na ƙanenki ba ne shi kaɗai. Gado ne. Sai an fitar da bashi da wasiyya in akwai, sannan a raba yadda Suratun Nisa'i ta tsara. In ku ukun ne kaɗai magada, shi yana da rabi, ke da autarku kowacce ɗaya bisa huɗu, amma ku kira malamin da ya san rabon gado ya tabbatar ba a manta da kowa ba. Ki lura da wannan da kyau: shi ne mai kaso mafi tsoka. Duk naira huɗu da aka rage a farashin, biyu daga aljihunsa suka fita. Kafin haɗa baki ya yi masa riba sai an ba shi la'adar da ta fi asararsa, kuma ba ki kawo mini wata shaida ba sai lambar da ɗanki ya gani a waya, wadda mun ga ba ta tsaya da ƙafarta ba. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne ya tafi wurin wanda ya sani don ya yarda da shi, bai san yadda ake tambaya ba, kamar yadda ke ma ba ki sani ba. Kuma bai sallama ba, ya dawo ya faɗa muku tayin. La'ada al'ada ce a kasuwa, ba abin kunya ba ce a tambaya, kina iya ce masa cikin lumana, "In an yi maka alkawarin wani abu ka faɗa a sa a lissafi." Amma kalmar da kika jefe shi da ita mai nauyi ce, kuma a kan kayan uwarku, wata bakwai da binne ta. Ke ce babba, ke za ki fara.

Akwai kuma hanyar da ba ki ambata ba, wadda ni ita na fi so muku. Ba dole ba ne komai ya tafi kasuwa. In kun samo tayi uku, ku ɗauki mafi tsoka ku mayar da shi ƙimar kowane abu. Duk wanda yake son wani abu a cikinku ya ɗauka a wannan ƙima, a cire daga rabonsa. Ta haka ribar da mai shago zai ci ta zauna a gida, kayan ma suka zauna. Abin da ba wanda ya ɗauka, karyayyen warwaro da zoben da ba ya shiga yatsan kowa da tsabar da ta goge, shi za a kai wa maƙeri. Ke kuma ki yi lissafin abin da ya rage miki a kayan ɗakin tukuna, ki sayar da gwargwadonsa. Rabonki ɗaya bisa huɗu ne, in kika zauna kika lissafa za ki ga ko a farashi mai kyau ba shi zai ɗauke bikin ba, don haka kada ki ɗora masa nauyin da ba zai iya ba. Mu da aka sayar da mundayen kakarmu a wata shekara ta matsi, kuɗin ko wata ba su yi ba, kuma har yau in na ga irinsu a hannun wata sai na bi hannun da kallo. In da hali, ki bar ɗaya ki sa wa amarya a akwatinta, ki gaya mata ta wace ce.

Kada ki sake kiran wayar, ya riga ya san lambarki. Ki shirya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ki biya ki ɗauki autarku, ku tafi gidansa. Ki ce masa kin yi kuskure a maganar da kika faɗa, ba tare da kin haɗa da "amma" ba. In ya huce, ki fito da takardar da sikelin, ku kwance tsumman tare a tsakar ɗakinsa, ki ce shi zai raka ku shagon farko, har da na abokin nasa.